Awon bakin mahaifa: yadda aka yi mini, tun daga ƴar likitar garinmu (CSI) har Maradi

Assalamu alaikum ƴan uwana mata. Tun da labari ya bazu cewa an yi mini aiki a Maradi mata ke ta tsaida ni, a bakin rijiya, a gidan suna, wasu ma su bugo waya da dare su ce dan Allah mi aka yi miki, da zafi ko babu, wai da gaske ne an cire miki mahaifa? To ba a cire mini komi ba, mahaifata na nan inda Allah ya aje ta, shi ya sa na ce bari in zamna in rubuta abin ga tun daga farko yadda ya faru da ni, wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba.

Ni malamar yaƙi da jahilci ce a wani gari cikin ƙasar Madarunfa, kuma ni ke riƙe da littafin asusunmu na Mata Masu Dubara, irin ƙungiyoyin nan da aka fara nan jihar Maradi tun 1991. Lokacin da aka yi mini awon ba ni da ciwon komi, ku riƙe wannan da kyau, babu jini, babu ƙaiƙayi, babu ciwon mara, ina daka ina ɗiban ruwa ina tatsar man gujiya lahiya lau, da wani ya ce mini akwai abin da ke tsiro a jikina da mun yi faɗa.

Cikin watan Oktoba ne, watan nan da rediyo ke ta maganar kansar mata, rele ɗin garinmu, wato mai kai ma mutane saƙon likita, ya bi gida gida, sannan mai gari ya sa aka yi shela bayan isha cewa masu awo za su zo daga Maradi su sauka a CSI, duk macen da ta kai shekara 30 ta zo a duba ta kyauta. Wayyo, ranar kam ba a yi barci da wuri ba dan surutu. Wasu suka ce planin ne, wato maganin tsara haihuwa, aka ɓoye a ciki, wasu suka ce ƙarfen da ake sa ma mace yana kashe mahaifa, wasu suka ce maza ne za su duba, wata kuma ta ce mutum yana zaman lahiyarshi ya kai kanshi allura ta tono garma. Ga shi kuma lokacin kaka ne, kowa na gamanarta tana tsinkar wake da roron gujiya, wuni guda da ka bari dabbobi sun shiga. Ban ga laifin kowa ba cikin masu wannan magana, mace ba ta taɓa jin an ce mai lahiya ya tahi likita ba, a wajenmu sai ciwo ya kada mutum ake ɗaukar shi a amalanke.

Mai gidana tambaya guda ya yi mini, mace ce za ta duba ko namiji. Na ce an ce sajfam ne mata, wato ungozomomin likita, bai yarda da an ce ba, da sahe ya hau moto ya je ya tambayi majo, shugaban CSI ɗin, da kanshi, da ya dawo ya ce to ki tahi Allah ya kiyaye. Na faɗi wannan ne dan na san da yawa nan abin ke tsayawa, akwai matan da ke kulle waɗanda ko shelar ma daga bayan katanga suka ji ta, kuma in mai gida ya tahi cin rani Kano ko Agadas babu mai ba su izini.

Da muka isa CSI mun iske mata zaune ƙarƙashin bedi, na garinmu da na ƙauyukan kewaye, wasu tun asuba suka taso a ƙasa da goyo. Kafin a fara kiran suna sai babbar sajfam, Madam muke ce mata, ta hito da wani littafi mai hotuna ta tsaya gabanmu, Bahausa ce sosai, ba ta cika mu da Faransanci ba. Ta ce kansar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ke kawo ta mai suna HPV, ana ɗaukar ta wajen saduwar aure, kuma kusan kowa mace ko namiji yakan ɗauke ta wani lokaci a rayuwarshi bai sani ba, yawanci jiki ya kore ta da kanshi cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma wata macen sai ta zamna mata, ta yi ta canza fatar bakin mahaifa sannu sannu ba zafi ba alama, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa, in kuma mace na ɗauke da cutar sida abin yakan yi sauri, shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata har sau 6. Ta ce irin ƙwayar na da yawa amma biyu ne suka fi ɓarna, lamba 16 da lamba 18, su kaɗai ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar. To cikin waɗannan shekarun da abin ke kwance shiru ne ake son a gan shi, dan a lokacin kashe shi abu ne na ƴan daƙiƙu.

Nan wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce ɗiyata, kenan ciwon mazinata ne? Wurin ya yi tsit, dan wallahi abin da ke ran kowa kenan. Madam ta rufe littafin ta ce Inna a'a, macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samun shi, miji ya auri wata ya saki, ita ma ta taɓa aure wani wuri, ya kawo amarya, kowa halal ɗinshi yake ci amma ƙwayar na bin mutane, namiji ba ya jin komi ba ya ganin komi a jikinshi, dan haka ba a neman mai laifi a wanga zance. Ta ƙara da cewa ɗaukar ciki da ƙuruciya da yawan haihuwa suna ƙara haɗarin, to ku duba mu nan, wace ce ba a yi mata aure da wuri ba, wace ce ba ta haihu da yawa ba. Na ga mata na gyaɗa kai. Ni a ganina wannan amsar ita ta riƙe rabin matan da ke wurin, da ta yi kwana kwana da yawa sun sulale sun koma gida.

Majo ma ya sa baki kaɗan, ya ce masu sana'ar gujiya mu kula da wadda ta yi hunhuna, dafin da ke cikinta na lalata hanta har ya kai ga kansar hanta, balle ga mai ciwon hanta na B, kuma allurar penta da ake ma jarirai a sati 6 da 10 da 14 akwai rigakafin wannan ciwon hantar a ciki. Tun ranar nake zubar da baƙar gujiya da a da muke sa ma ƙuli ƙuli dan kar a yi asara.

Da aka kira ni wata yarinya ta rubuta sunana a rajista, ta tambaye ni shekaruna, shekara nawa aka yi mini aure, haihuwa nawa, yaushe na ga al'ada ta ƙarshe, ko ina da ciki, ko ina ganin jini bayan saduwa. Masu al'ada a ranar an ce su dawo in sun yi wanka. Aka ce in je in yi fitsari tukun, sannan na shiga ɗakin, an rataya zane a taga, ƙofa rufe, daga ni sai Madam da mai taimaka mata. Nono ta fara dubawa, ta sa na ɗaga hannuwa ta kalla, na kwanta ta bi da tafin yatsunta tana dannawa a hankali har hammata, tana yi tana koya mini, ta ce kowane wata in na gama al'ada in yi ma kaina haka wajen wanka, in na ji ƙullutu mai tauri ko da ba ya zafi, ko kan nono ya shige ciki, ko yana hidda jini, kar in sa mishi magani kar in kai ma wanzami ya tsaga, in zo likita.

Sai na ƙasa. Ba a tuɓe ni tsirara ba, zanena na jikina, ta ce in matso bakin gado in tanƙwashe ƙafafu. Kunya kam na ji ta, ba zan ɓoye muku ba, amma wadda ta haihu a hannun ungozoma ta wuce nan. Ta nuna mini ƙarfen kafin ta sa, kamar bakin agwagwa yake, ta ce kowace mace da nata kuma an dafa su, aikinshi kawai ya buɗe hanya ta ga bakin mahaifa, ba ya yanka ba ya shiga cikin mahaifa. Da sanyi, da ɗan matsi, in kin saki jiki kina numfashi ta baki ba ya zafi. Babu kuran ranar, da tocila ɗaure a goshi ta yi aikin. Ta tsoma auduga cikin ruwan binegar, irin dai na cin salati amma an auna ƙarfinshi, ta shafa, na ji ɗan raɗaɗi kaɗan, sai ta dubi agogonta ta ce minti guda za mu jira. Tana jira tana tambayata yara, wane aji babba yake. Da mintin ya cika sai ta daina magana ta ƙara matso da tocilar, ta kira mai taimaka mata ta ce zo ki gani, ta sake shafa wani ruwa baƙi baƙi mai aidin. A nan gabana ya faɗi.

Ta ce Yaya gyara zanenki ki zamna mu yi magana. Na ce Madam kansa ce? Ta kama hannuna ta ce a'a Yaya ba kansa ba ce, ki saurare ni da kyau. Ta buɗe littafin hotunan ta nuna mini bakin mahaifa mai lahiya, ja ja sumul, ta nuna mini wani mai farin tabo a gefen ƙofar, ta ce naki haka yake, binegar in ya taɓa fatar da ta fara canzawa sai ta yi fari, aidin kuma fata mai lahiya ke shan shi ta yi duhu, wadda ta canza ta tsaya rawaya. Ta ce tabon nawa ƙarami ne, bai shiga ciki ba, mai yiwuwa ma jiki ya share shi da kanshi amma ba a zama jiran mai yiwuwa, ƙona shi ake a huta. Matsala guda, na'urar ba su zo da ita ba, tana Maradi. Ta rubuta mini takarda da randebu.

Hanyar komawa gida ban san yadda na taka ta ba, Gwaggona kawai nake gani, ƙanwar babanmu da ta riƙe ni ina ƙarama. Ita ta daɗe da daina al'ada sai jini ya dawo mata, ta ɓoye, wa za ta faɗa ma, tsohuwa da jikoki. Daga baya ruwa mai wari ya biyo, aka ce sanyi ne, aka ce jifa ne, an sha rubutu an sha saiwoyi an yi hayaƙi, akuyoyinta duka suka ƙare wajen masu magani. Ta koma ɗakin ƙurya ita kaɗai tana ta kunna turaren wuta dan kar masu gaisuwa su ji, mace mai tsabta da kwalliya wadda ba ta hita ba kwalli. Lokacin da muka kai ta Maradi sai da aka yanki ɗan nama aka aika Yamai, muka yi ta jiran rezilta, sannan aka ce mu tahi can da kanmu, kilomita wajen 660, kwana muka yi a mota tana kwance kan cinyata. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, CNLC, kuma tun 2021 aka fara gashin kansa da na'ura a can, wanda a da sai an hita ƙasar waje. Gwamnati ma tun 2007 ta yi doka cewa maganin kansar mata kyauta ne. Duk wannan gaskiya ne kuma alheri ne, amma kuɗɗin mota na mutum biyu, abinci, wurin kwanan mai jinya, gonar da aka bari, waɗannan daga aljihun talaka suke hitowa. Kuma abin da ya fi duka, lokotoro ya kira mu gefe ya ce ciwon ya yi nisa ya taɓa mafitsara, abin da ya rage a rage mata zafi. Mun dawo da ita gida, a ɗakinta Allah ya karɓi abinshi. Allah ya jiƙan Gwaggo ya sa ciwon ya zama kaffara.

Dan haka da na shiga gida ban tsaya jan rai ba, bayan isha na miƙa ma mai gida takardar na faɗa mishi duk abin da Madam ta ce har da maganar cewa ba a neman mai laifi. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce tare za mu tahi. Kuɗɗin hanya a asusu na ranta, kabu kabu zuwa bakin gudoro, daga nan ƴar hiyas zuwa tasha, sannan adaidaita zuwa likita, da ɗan abin sa wa a baki da na dawowa, kusan jikka biyar ta tahi mu biyu. Mutumin birni zai ce jikka biyar mi ce, to ku lissafa tiya nawa ta gero mace za ta kai kasuwa lokacin kaka da hatsi ke arha kafin ta haɗa ta, kuma geron ba nata ba ne.

A Maradi layi ne dogo amma takardar ta taimaka, ba a sa na sake bin komi daga farko ba. Aka yi mini awon fitsari dan a tabbata babu ciki, aka karanta mini takardar yarda na sa hannu, wata sajfam ɗin ta sake shafa binegar ta ga tabon da idonta, ta ce in da ya rufe mafi yawan bakin mahaifar ko ya shige cikin ƙofar ko ya yi kama da kansa to ba ƙonawa za a yi ba, sai a yanke wurin ko a ɗauki nama a kai awo, amma nawa ya dace. Na'urar ƴar ƙarama ce ana riƙe ta da hannu guda, da batiri take aiki, kanta wani ɗan ƙarfe ne mai faɗi da ke ɗaukar zafi har digiri 100, a ɗora shi kan tabon daƙiƙa 20 zuwa 40. Da na ji digiri 100 na ce tafasar ruwa fa kenan Madam, ta yi murmushi ta ce wurin ba ya jin ƙuna irin ta fatar hannu. Haka ne kuwa, ba a yi mini allurar kashe zafi ba, abin da na ji murɗar mara ce irin ta ranar farko ta al'ada da wani ɗumi daga ciki, ina salati ban kai ƙarshen na uku ba na'urar ta yi ƙara ta ce an gama. Na kwanta kaɗan, aka ba ni parasetamol, na tashi da ƙafata. Har kasuwa muka biya muka sayo gishiri da sabulu kafin mu nemi mota.

Abin da ya fi aikin kanshi wuya shi ne sati huɗun da suka biyo baya, kuma shi ne mata ba su cika tambaya ba. Ruwa zai yi ta zuba, fari tsararo wani lokaci da ɗan jini jini, yana iya kai wata guda, sai da ƙunzugu kullum. Na tambayi malamar islamiyyarmu ta ce ba haila ba ce, in wanke in sake alwala in yi sallata. An hana ni sa komi a ciki, ba matsi, ba kayan mata, ba zama cikin ruwan bagaruwa, ba tura yatsa wajen tsarki, kun san mu da waɗannan abubuwa, maƙwabta har kawo mini suka yi ta yi wai dan wurin ya yi saurin warkewa na ce na gode na aje. An ce in na ji zazzaɓi, ko ruwan ya yi wari, ko jini mai guda guda, ko ciwon mara mai tsanani, in koma likita ba jira. Sannan babbar magana, ba saduwa har sati huɗu. Sajfam ɗin ta yi dubara, ta ce kira mini Malam, ya shigo ta gaida shi da ladabi ta ce Malam amana zan ba ka, ciwo ne a ciki ɗanye, in aka taɓa shi zai yi jini ya ɗauki ƙwayoyin cuta aikin ya lalace. Ya ce in sha Allahu. Da ni na kai mishi wannan magana da bakina ban san yadda zai ɗauke ta ba, amma da ya ji daga mai farar riga ya riƙe. Gidanmu mu biyu ne, ranar girkina na nan ban bar ta ba, abokiyar zamana na faɗa mata gaskiya tun ranar da na dawo dan kar ta ji a waje, ita ta riƙa ɗaukar mini ruwa satin farko, Allah ya saka mata. Amma na san gidajen da mace ba za ta iya cewa a ɗaga mata wata guda ba dan tsoron abin da zai biyo baya, shi ya sa nake cewa duk wadda za ta je aikin ga ta yi ƙoƙari mijinta ya raka ta ya ji da kunnenshi.

Daga baya na yi ta bin labarin a rediyo da waya. Hukumar lahiya ta duniya OMS ta ce a 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da kansar bakin mahaifa a duniya, wajen 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali suke, wato irin namu. Ranar 17 ga Nuwamba 2020 suka ƙaddamar da shirin kawar da ita, suna son kafin 2030 a yi ma kashi 90 na ƴan mata rigakafi kafin su kai shekara 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, sannan kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala a yi musu magani. Rigakafin na ƴan mata ne masu shekara 9 zuwa 14, tun kafin aure, kuma tun 2022 OMS ta ce allura guda ma na isa. Najeriya ta fara ta cikin Oktoba 2023, dangimmu na Jibiya sun ce an yi ma ɗiyansu. Ni dai duk ranar da aka kawo ta garinmu ɗiyana mata ne farkon layi, kuma duk mai cewa tana hana haihuwa ya zo mu zamna.

Amma ni wancan kashi 90 na ƙarshe shi ne ke hana ni barci, dan na gani da idona inda yake yoyo. Ba ni kaɗai aka samu da farin tabo ba a zuwan nan, mu ƴan kaɗan ne, kuma ba duka muka isa Maradi ba. Maƙwabciyata ta kudu da mu, yarinya ce ƙanwar bayana mai ɗiya bakwai, takardarta na ninke cikin kwallar kayan ɗakinta. Mijinta na cin rani, uwar mijin ta ce ba inda za ta sai ya dawo, da ya dawo damina ta kama, da damina ta wuce aka ce ai ga ta nan garau tana surfe mi za a je nema. An auna ta, an faɗa mata, an bar ta da tsoro a ciki ba magani. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai fiye da komi, dan na'urar nan ko cikin jakar hannu ta shiga, ba ta son kuran, da an zo da ita ranar awo da a take aka gama ma kowa kafin ta koma gida neman izini na biyu da kuɗɗin mota.

Da shekara ta zagayo na koma kamar yadda aka rubuta mini a karne, aka sake shafa binegar aka jira minti guda, Madam ta ce wurin ya warke sumul babu fari ko ɗigo, in dawo bayan shekara 3. Alhamdu lillahi. Ta ce in gaya ma iyayenmu da suka daina al'ada su kuma duk jinin da ya dawo bayan tsayawa, ko jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ya ƙi magani, kar su jira masu awo, su zo likita ranar da suka gani.

A taron asusunmu na kawo maganar, muka yarda kowane sati kowa ta ƙara dala ashirin a wani gwangwani daban da muka sa ma suna kuɗɗin hanya, ba rance ba ne, duk wadda aka ba takardar Maradi a ɗiba a ba ta da mai raka ta. Mun je wajen majo mu uku muka roƙe shi ya rubuta ma na sama abu biyu, in za a sake turo masu awo a bari sai an gama kaka, cikin sanyi lokacin da mata ke gida, kuma a zo da na'urar ƙonawa tare, ya ce zai sa cikin rahotonshi. Mai gari kuma ya yi alkawarin a shela ta gaba limamai zai fara tarawa dan maza su ji daga masallaci.

Maƙwabciyar tawa kuwa mai gidana ne ya samu mijinta a majalisa ya ba shi labarin abin da ya gani da idonshi a Maradi, bai ce komi ba ranar, sai shekaranjiya ya aiko yaro ya ce in ina da hali in raka ta. Na kira Madam ta ce takardar ta tsufa amma mu zo da ita, za a sake awon daga farko a ga inda tabon ya kai. Litinin za mu tahi in Allah ya kai mu, ranar kasuwar Maradi ce mota ba ta wuya, kuɗɗin kuma daga gwangwanin za su hito.